Rabin Digiri a Shagon Wa-ya-taɓa

A layin masu gyaran kayan lantarki, shago na huɗu daga bakin titi, akwai wata mata da ba a kiran ta da sunan yanka. A gabanta Injiniya ake ce mata, idan ta ba da baya kuma Wa-ya-taɓa. Laƙabin daga gaisuwarta ta safe ya fito. Kafin ta sauke jaka sai ta bi teburinta da kallo, idan ta ga sukudireba ya gusa daga inda ta bar shi jiya, to wannan tambayar ce za ta riga sallama fitowa.

Shekararta hamsin da biyu. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, a gefen bencinsa ta tashi tana riƙe masa tocila. Tana da shekara goma sha huɗu abokin aikinsa ya kwashe takardun zanen da tsohon ya yi shekaru yana tarawa, ya buɗe shago a tsallaken titi da su. Ta ga yadda mahaifinta ya riƙa zama yana kallon mutanensa suna tsallakawa. Ba ta cika ba da labarin ba, amma tun daga lokacin ba ta barin takarda a fili.

Sana'arta yanzu ita ce haɗa allon da ke sarrafa injin ƙyanƙyasar ƙwai. Allon bai wuce tafin hannu ba, ƙwaƙwalwar da ke kansa kuwa hoto ɗaya na wayar salula ba zai shiga cikinta ba. A wannan ɗan wurin take cusa manhajar da ke tafiyar da allon, a kanta ta ɗora wata da take kira tafinta. Aikin tafinta shi ne ya karanta gajerun umarni da aka rubuta masa, ya aikata: auna zafi, kunna hita, juya ƙwai bayan awa kaza. Amfaninsa a bayyane yake. Ƙwan kaza da na agwagwa ba zafi ɗaya suke so ba, ba kuma kwanaki ɗaya suke yi ba. Da tafinta a ciki, layi uku za ta canja ta miƙa wa mai kaya abinsa.

Sai dai tafinta ba a saye yake zuwa ba, gina shi ake yi a kwamfuta. Kafin gini akwai dogon jerin zaɓi da ake bi ɗaya bayan ɗaya, a kunna wannan, a kashe wancan, don a rage masa nauyi ya shiga ƙwaƙwalwar. Sauran masu irin aikin suna adana zaɓinsu a fayil. Ita ba ta yarda da fayil ba, tunda ana kwafe shi cikin ƙiftawar ido. A littafi ta rubuta nata da biro, zaɓi arba'in da uku, kuma duk ranar gini sai ta goge komai kakaf, ta buɗe littafin, ta bi su da yatsa. Littafin a jakarta yake kwana.

Su biyu ne a shagon, ita da ƙanenta, Auta. Sunan ne kawai ya rage masa na ƙuruciya, don ya haura arba'in, da mata da 'ya'ya huɗu. Shekara goma sha ɗaya yana liƙe allunan da dalma, hannunsa ba ya rawa. Amma da zarar ta zuba manhaja a allo, ba ta sake barin shi da shi. Ita ke gwadawa, ita ke ɗaurewa a kwali. Ya sha ce mata, "Yaya, ki bar min guda ɗaya ya kwana biyu a akwati da ma'auni, mu ga halinsa." Sai ta ce ta riga ta gwada.

Wata Talata da hantsi Mai-kaji ya shigo da tire a hannu. Dattijo ne mai gona a wajen gari, tsohon mai sayen kayanta. Ya ajiye tiren a kan teburinta ba tare da neman izini ba. Ƙwai ne da aka fasa, a kowanne ɗan tsako ya mutu bai gama fitowa ba.

"Injiniya, duba min aikinki," in ji shi. "Ƙwai ɗari shida na zuba a sabon injin. Sun fara fasowa kwana ɗaya kafin lokaci, waɗanda suka fito ma sai layi suke kamar 'yan maye. Kusan rabi ga su nan."

"Wuta ta ɗauke maka?"

"Ba ta ɗauke ba."

"Wani ya buɗe murfin?"

"Makullin a wuyana yake. Koriyar fitilarki kuwa ko sau ɗaya ba ta koma ja ba. Sai da na saka tsohon ma'aunina na gilashi na ga talatin da takwas, har da ɗan ɗori."

Talatin da bakwai da rabi ya kamata ya gani. Rabin digiri ba ya ƙona hannu, amma kwana ashirin a cikinsa ya isa ya lalata ƙwai.

Ta karɓi allon da ya ciro daga injin. Auta ya taso zai duba, ta janye shi zuwa gefenta. Ta auna ma'aunin zafin da ke jiki, lafiyarsa ƙalau. Ta bi liƙe-liƙen dalmar da madubin ƙara girma, tana neman inda za ta kama shi, ba ta samu ba. Sannan ta jona shi da kwamfuta da kebul, ta buɗe tagar da ake magana da tafinta kai tsaye. Umarninta na nan yadda ta rubuta, ba a taɓa ko harafi ba. Ta daɗe tana kallo. Can ta rubuta masa lissafin ɗan firamare: bakwai raba biyu.

Ya ba ta uku.

Ta sake, ya sake ba ta uku. Nan ta gane. Wannan tafintan bai san digo ba, idan ya raba lamba sai ya yar da ragowar. Talatin da bakwai da digo tara a wurinsa talatin da bakwai ne cif, saboda haka ba ya kashe hita sai zafi ya kai talatin da takwas, kuma a lissafinsa komai daidai yake. Wani ya gina shi a haka. Alluna goma sha tara ne suka fita daga wannan ginin, suna gonakin mutane.

Ta ɗaga ido ta dubi bayan Auta.

Tana da dalilanta, ta jera su a zuci a kan hanyar gida. Wata biyu da suka wuce ta gan shi tsaye da Dogo, mai shagon ƙarshen layi, wanda shi ma ya fara haɗa irin waɗannan allunan, suna dariya, da suka hango ta suka yi shiru. Ya sayi sabuwar waya. Sau biyu ta dawo daga salla ta tarar kujerarta da ɗumi. Kuma wa zai ci riba idan sunanta ya ɓaci a wurin masu kaji, in ba Dogo ba? Washegari ta canja kalmar sirrin kwamfuta. Ta manna siririn zare a bakin aljihun teburinta. Ta sa aka canja kwaɗon ƙofa, ba ta ba shi makulli ba, ta ce mai yankan makullin bai gama ba.

Ranar Alhamis ta biya gidan mahaifiyarsu. Tsohuwar na zaune a tabarma tana tsefe wa jikarta kai.

"Inna, Auta yana yawan zancen Dogo a nan?"

"Wane ne kuma Dogo?"

"Wani ne a layinmu."

Inna ta tsayar da hannu. "Ke dai faɗi abin da ya kawo ki. Tun kina ƙarama idan za ki kai ƙara sai kin zagaya gari."

Ta faɗa, ta ce kuma kada a gaya masa. Inna ta ce to, ta ci gaba da tsifa. Kafin la'asar Auta ya ji.

Da safe ya zo ya tsaya a ƙofa har ta buɗe. Ya shiga, ya naɗe wayar abin liƙinsa, ya zuba ƙananan kayansa a buhu. Bai ɗaga murya ba.

"Yaya, shekara goma sha ɗaya. Ko kalmar sirrinki ban sani ba, ta ina zan shiga?"

"Ban ce kai ne ba."

"Ba ki ce ba. Kwaɗo ne ya ce." Ya saɓa buhun. "Kujerarki kuma, rana ce ke dukan ta ta taga. Ki zauna wata rana da azahar ki gani."

Bayan fitarsa ta zauna neman shaida, don ba ta son zargin da ba ta iya ajiyewa a kan tebur. Kwamfuta na rubuta ranar kowane gini da duk umarnin da aka buga. Ta bi su baya. Ginin allunan goma sha tara an yi shi ne ranar wata Litinin, ƙarfe goma da kwata. Ta san ranar. Ranar ce Auta ya kai Inna asibitin ido, bai shigo ba sai yamma, ita ta ba shi izinin da bakinta. Ta ce a ranta ai ana iya canja kwanan wata. Ta duba umarnin da aka buga, ta ga kuskuren yatsan da take yawan yi, harafi biyu a juye, an goge an gyara. Wannan ba mai iya kwaikwayonsa.

Ta buɗe jerin zaɓin ta ajiye littafinta a gefe. Arba'in da uku duk suna nan yadda ta tsara. Amma makon da ya gabaci ginin ta ɗauko sabon fitowar manhajar, kuma masu yin ta sun ƙara zaɓi ɗaya can ƙasa: lambobi cikakku kawai, don rage nauyi. A kunne yake zuwa ga ƙananan alluna. Ba ya cikin littafin, saboda haka yatsanta bai tsaya a kansa ba. Gwajin da take yi kuwa na minti goma ne, ta ga hita ta kama, ta ga fitila ta yi kore.

Ta kashe zaɓin ta sake gini. Tafinta ya ƙara nauyi har ya ƙi shiga, sai da ta cire wasu sassa biyu da ba ta amfani da su. Ta tambaye shi bakwai raba biyu, ya ce uku da digo biyar. Ta kira gonaki goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, ta ce kowa ya saka ma'aunin gilashi ya ɗan ɗaga murfi kafin ta iso. Uku daga ciki sun zage ta.

Ranar Asabar ta tarar da Auta a ƙofar gidansa, ya kwance fankar maƙwabci. Matarsa ta leƙo ta gaishe ta a taƙaice, ta koma.

"Ni ce," ta ce.

"Na gan ki ai."

"Ina nufin allon. Ni ce."

Ya ci gaba da goge ƙarfen fankar. Ta yi masa bayanin zaɓin, ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba.

"Kin gaya wa Inna?"

"Zan gaya mata."

"Mai-kaji fa? Don shi ma ya ji wai ni ne."

"Shi ma." Ta gyara mayafinta. "Gonaki goma sha takwas ne, wasu ƙwansu ya kwana goma a ciki. Ni kaɗai ba zan zagaya su a kwana biyu ba."

"Ƙwai ba su yi min komai ba," in ji shi. Ya tashi ya shiga ɗauko makullin babur.

Sun gama zagayen ranar Lahadi da yamma. A gona ta bakwai ta miƙa masa kwamfutar ya zuba manhajar da kansa, tana tsaye a kansa tana kallon yatsunsa. Maganar komawa shago kuwa bai amsa ba sai bayan mako biyu, kuma ba yadda ta so ba. Dogo ya ba shi benci, ya karɓa. Yana zuwa wurinta Litinin da Laraba, ya liƙe mata alluna, ya tafi da kayansa a buhu. Sauran kwanakin, idan ta tsaya a bakin ƙofa, tana hango bayansa a ƙarshen layi, ya sunkuya a kan aikin wani.