Ƙofar Rumbun Baushe

Duk wanda ya biyo hanyar Tabla zuwa ƙauyenmu zai ga wani rumbun laka mai 'yar ƙofa a gefe, kamar akurkin kaji. Baƙi kan tsaya su yi dariya. Su yi ta yi, ba su san komai ba. Rumbun Baushe ne, taubashina, ɗan ƙanin uwata, kuma ni Kyauta ce kaɗai ke da ikon yi masa dariya, don tun muna yara nake tsokanarsa yana ramawa.

A nan ƙasar Kurfai maigida kaɗai ke shiga rumbunsa. Mace ba ta leƙawa, ɗa ba ya leƙawa. Bakin rumbu a sama yake, ƙarƙashin jinka, sai an kafa tsani an hau. Ranar da ɗa ya hau ya ɗebo hatsi alhali uban na raye, kowa ya san gida ya sake hannu, tsohon ya koma ɗan zaman inuwa mai jiran a kawo fura. Baushe ya riƙe wannan al'ada da ƙarfi, kamar yadda ya riƙe ta zuba gumba a gindin rumbu don kakanni kafin a taɓa sabon hatsi. 'Ya'yansa Kailu da Sani masu salla ne, sukan kau da kai idan yana yi, shi kuwa ko a jikinsa.

Mutum ne dogo a lokacinsa, baƙi, mai faɗin ƙirji da ɗan karen taurin kai. Abu ɗaya ke kayar da shi, fuka. Da kaka ta yi, ƙaiƙayi ya tashi, sai ka ji ƙirjinsa na kuka tun daga bakin zaure. Wata ranar kasuwar Bankuku wani mai tallar magani a tire ya ba shi wasu 'yan ƙwayoyi farare da ake kira deksa. Ya sha, numfashi ya buɗe, abinci ya shiga, kumatu suka ciko. Shi ke nan Baushe ya samu aboki. Da fari da kaka kawai yake sha, daga baya ya zama kullum, yana ɗaure su a bakin rawani. Fiye da shekara ashirin yana haka, ba wanda ya ce masa kanzil, don mu ma gani muke ƙiba ce ta lafiya.

Ni na fara lura yana raguwa. Rigarsa ta fara sharar ƙasa, na ce masa ya daina aron rigar manya. Ya ce ni ce nake ƙara tsawo saboda tsegumi. Muka yi dariya, wayyo ni, da na san abin da nake wa dariya da na kama bakina. Bayansa ya fara lanƙwasa a hankali, ya ce sanyi ne. Rannan yana saukowa daga tsani da dami a kafaɗa, bai faɗi ba, bai yi tuntuɓe ba, dira kawai ya yi daga matakin ƙarshe, sai ya zauna daɓas, ya kasa tashi.

Kailu, babban ɗansa, ya kai shi asibitin Filinge. Suka ɗauki hoton bayan, suka ga ƙashin gadon baya ya lotse ba a wuri ɗaya ba, suka ce mutumin da bai faɗo daga bisa ba bai kamata ya karye haka ba, a tafi Yamai a auna ƙarfin ƙashin. Matarsa Haske ba ta iya doguwar tafiya a mota, ni kuwa ina da ɗiya a can, sai na bi su. Duk hanya Baushe yana mita, wai an mai da shi buhun gawayi.

A wani asibiti a Yamai aka kwantar da shi rigingine kan wani gado mai tauri, aka ɗora ƙafafunsa kan matashi. Wani hannun ƙarfe ya riƙa bi ta samansa sannu a hankali, daga ƙugu zuwa baya, bai ko taɓa shi ba. Ba allura, ba zafi. Baushe ya ce wannan wane irin awo ne da ba a ko murza mutum. Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta kai ɗiyata ba. Ta duba abin da injin ya fitar, ta tambaye shi ko akwai maganin da ya daɗe yana sha. Ya kwance bakin rawani ya nuna mata, har da alfahari.

Sai ta yi mana bayani da Hausa, tana haɗawa da Zabarmanci. Ta ce ƙwayar nan tana buɗe numfashi da gaske, amma idan an daɗe ana sha tana cin ƙashi ta ciki, har ya zama kamar karan da gara ta shiga, waje lafiya, ciki fanko. Ta ce kada ya kuskura ya daina farat ɗaya, jikinsa ya saba, sai an riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Ta rubuta masa abin shaƙa na fuka da maganin ƙarfafa ƙashi, ta ce ya sha nono, ya riƙa tafiya a ƙasa. Sannan ta faɗi wadda ta fi duka: ba hawan tsani, ba ɗaukar kaya, har abada.

Baushe ya ji duka, ya yarda da duka, ban da ta ƙarshen. Ya dube ta ya ce, “Ɗiyata, to wa ka shiga rumbuna?”

Ta nuna Kailu, ta ce ai ga ƙato Allah ya ba shi. Ba ta san abin da ta taka ba, baiwar Allah. Na ga fuskar Baushe ta canza.

Yaran ba mugunta suka nufa ba, wannan zan shaide su. Tsoro ne. Muna isowa suka ɗauke tsanin suka kai gidan maƙwabci. Kailu ya samu uban, ya tsaya a kansa, ya ce daga yau shi zai riƙa hawa. Ya faɗa da ladabi, amma a tsaye ya faɗa, yana kallon tsohon daga sama, don yanzu kan Baushe da ƙyar yake kai masa ƙirji. Baushe ya ce in dai yana numfashi ba mai leƙa masa rumbu. Kailu ya ce to sai a kwana da yunwa. Aka kwana biyu ana aron hatsi gidana, gari duk ya ɗauka. Har dattawa suka zo ba shi baki, wai ya haƙura, kowa da ranarsa. Ya ce su tashi su ba shi wuri, ranarsa shi zai faɗe ta.

Ni kaina na je na zazzage masa. Na ce kai wane irin mutum ne, ƙashinka ya zama ƙuli-ƙuli kana ta girman kai, so kake ka faɗo mu kwashe ka a faifai? Ya bar ni na gama, sannan ya ce likita tsani ta hana shi, ba ta hana shi rumbunsa ba. Ya ce in je in kira masa magini.

Washegari da hantsi magini ya zo. Baushe ya dogara sanda, ya zana ƙofa da gawayi a jikin rumbun, daidai inda zai zauna a dokin ƙofar ya juya ƙafafu ya shige ba tare da ya hau komai ba. Maginin ya ce bai taɓa ganin an yi wa rumbun laka haka ba, ɓera zai shiga, akuya za ta shiga, mutane za su yi dariya. Baushe ya ce ya fasa kawai. Aka fasa, aka sa ƙyauren kwano da kwaɗo, ya rataya ɗan mabuɗin a wuya. Kailu ya ce a ƙara mata tsawo ko don gaba. Uban ya ce daidai shi aka yanka ta.

Haka ya ci kaka uku. Yara su kawo dami bakin ƙofa, shi ya ja zangarniya kaɗan-kaɗan ya jera a ciki da hannunsa. An rage masa ƙwayar har ya rabu da ita, kumatun suka zube, abin shaƙar ya koma bakin rawani. Ranar kasuwa kuwa, in ya ga saurayi na sayen deksa a tire, sai ya ɗaga rigarsa mai jan ƙasa ya ce masa ya duba, da can daidai take masa. Masu tallar sun tsane shi, shi kuwa daɗi yake ji.

Bana da bazara ƙafarsa ta sarƙe da igiyar akuya a tsakar gida, ya faɗi, ƙugu ya karye. An kai shi asibiti, an dawo da shi, ba ya ko iya zama sai an tallafe shi. Hatsin da ya fitar ya ƙare. Mabuɗin na wuyansa, kuma wallahi cire shi ba zai gagari ko jinjiri ba. Sani ya ce a cire yana barci, ko a dawo da tsani a shiga ta sama. Kailu ya daka masa tsawa, ya ce ba mai taɓawa. Na ji daɗin yaron nan ranar, har na yi ƙwalla.

Da rana ta ɗaga Baushe ya ce a ɗauke shi da tabarmarsa a kai shi gindin rumbu. Aka kai shi, aka jingina shi da jikin lakar, dab da ƙofa. Ya sa Haske ta dama gumba, ya zuba da hannunsa, ba wanda ya kau da kai. Ya ciro mabuɗin ya buɗe da kansa, sannan ya ce wa Kailu ya shiga.

Kailu ya tsaya yana duban ƙofar. Ya sunkuya, kafaɗa ta hana. Ya gwada ta gefe, abin ya ƙi. Ba yadda zai yi, sai ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, ya sauke kai, kan ya zo daidai ƙirjin uban. Baushe ya ɗora hannu a kan, ya daɗe bai ɗauke ba.

“Rabona da ganin tsakar kanka tun kana yaro,” in ji shi. Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, har da ni. “Ku shaida, ni na ba shi. Ba ƙwacewa ya yi ba.”

Sannan ya rataya masa mabuɗin a wuya, ya ce ya fara ɗiba daga hannun hagu, nan tsohon hatsi yake.