Na gyara wa mai makoki jimla

Jiya musu ya yi zafi a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu ta Kafanchan, a kan tsadar data. Ni ina kare kamfanonin, wai su ma dizal suke saye.

Sai Bulus, ɗan Kagoma da ke gadi a Legas, ya turo dogon saƙo cikin fushi. Halin malanta ya motsa mini. Na feɗe jimlarsa: nan ka mai da mace namiji, nan babu aikatau. Aka yi ta dariya.

Can ya amsa: "Malam, na gode da gyara. Ranar Asabar aka binne Mama, oga bai ba ni hutu ba. Ƙanwata ta kira ni a bidiyo. Zumuntar matan coci na cikin waƙa data ya ƙare. Ban ga saukar da ita kabari ba."



Na goge abin da na rubuta, amma ya riga ya karanta. Tun jiya nake kallon lambarsa, na kasa kira.

Jama'a, in ku ne, da wace kalma za ku fara?