Hannun da Yake Dunƙule

Ɗana na uku bai yi kuka ba da ya faɗo. Naƙudar ta yi tsawo a gida, maigidana kuma yana Kano wajen cin rani, kafin a samu motar da za ta kai ni asibitin Matameye na riga na galabaita. Ina kwance ina jin ungozoma tana murza masa baya, tana kiran a miƙo mata abin busa iska. Da kukan ya zo, siriri ne kamar na ɗan kyanwa. Muka yi hamdala, aka yi suna, kowa ya ɗauka abin ya wuce.

Nono ne ya fara ba ni tsoro. Sai ya kama ya saki, ya ƙware, ya gaji tun bai ƙoshi ba. Watanni suka tafi, sa'anninsa suna ɗaga kai a goye suna kallon kaji, shi kuwa kansa na langaɓewa a bayana sai na tallafe da zane. Maƙwabta suka ce ƙiwa ce irin ta 'ya'ya maza. Wata ta ce iska ce, ta kawo min hayaƙi. Na turara, don ina son in yarda da su.

Sai surukata ta zo daga Dawce. Mace ce marar yawan magana, har nakan ji nauyin zama kusa da ita. Washegari da hantsi ta karɓe shi za ta yi masa wanka. Ruwa na taɓa shi ya banƙare, bayansa ya sandare. Ta ɗaga shi ta hammata, ƙafafunsa suka miƙe suka harɗe kamar almakashi. Ta duba hannunsa na hagu, a dunƙule, babban yatsa a ciki. Ta buɗe a hankali, ya koma.

"'Yar nan, tun yaushe yake haka?"

"Tun haihuwa, Inna."

"Yana miƙa shi ya ɗauki abu?"

Na girgiza kai, hawaye suka zubo. Ba ta ce in yi shiru ba. Ta shafa masa mai, ta ce, "Ban san sunan abin nan ba, amma ba ƙiwa ba ce. Ɗauko mayafinki."

Likitar awon yara ta saurare mu sosai. Ta kwantar da shi rub da ciki, ta jawo shi ta hannuwa tana kallon wuyansa, sannan ta tambaye ni ko ya yi kuka da aka haife shi. Ta tura mu Damagaram. Can wani likita ya yi mana bayani da Hausa tsantsa: ƙwaƙwalwarsa ta rasa iska wajen haihuwa, ɓangaren da ke sarrafa gaɓoɓi ya taɓu. Ya ce raunin ba ya ƙaruwa, kuma babu allurar da ke goge shi, amma zuwanmu da wuri babban alheri ne, don jikin jariri yana karɓar koyo.

Inna ta ce, "Likita, laifin uwar ne?"

"Ko kaɗan, Hajiya."

Ta juyo ta dube ni. "Kin dai ji da kunnenki."

A ɗakin gashin ƙashi aka koya mana yadda za mu miƙar masa da ƙafa, yadda za a zaunar da shi ya ci bai ƙware ba. Inna ta fasa komawa ƙauye. Kullum da safe muna kan tabarma, ita tana riƙe da ƙugunsa, ni ina kaɗa masa murfin kwano ta hagu. Da maigidana ya dawo, ya kafa gora biyu a tsakar gida, yaron ya riƙa dafawa yana koyon tsayuwa.

Ya zauna a makare, ya yi tafiya a makare ƙwarai. Yanzu yana lakwal, wato makarantar boko, yana jan ƙafa ɗaya, bakinsa kuwa ya fi na yayyensa kaifi. Duk sallar da na yi sai na saka kakarsa da waɗannan likitoci a addu'a.

Kwanan baya na raka shi, ya yi tuntuɓe a ƙofar aji ya faɗi. Na zabura zan ɗauke shi, ya ɗago yana kaɗe yashi daga wando.

"Umma, ki tafi gida mana. Abokaina suna kallo."

Na juya na tafi, ina dariya ni kaɗai a hanya.