Dutsen Gugar Maƙwabciyata a Cikin Kwamfuta

A shekarun da na yi aiki a cibiyar kwamfuta ta jami'a a Samaru, huda kati ne aikina. Malamai da ɗalibai su kawo rubutunsu a takarda, ni kuma in zauna gaban wata na'ura mai kama da tafireta in buga, ita ta huhhuda katin. Kwamfutar kanta tana ɗakin ciki mai sanyi, ta cika shi kamar an jera kabad, ba a shiga sai an tuɓe takalmi. Shekarata biyu a wurin ban taɓa ɗora mata hannu ba. A Unguwar Gabas muke zaune a Sabon Gari, domin maigidana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kullum da safe nakan bi motar ma'aikata.

Akwai wani malamin injiniya da ya dawo daga karatu a ƙasar waje, kowa Dakta yake ce masa. Ya lura cewa nakan gano kuskure a takardunsa tun kafin in buga. Wata rana ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Malama, kina so ki koyi yadda ake shigar da abu cikin kwamfuta ta zana shi ta kowace fuska?"

Na ce ni buga kati kawai na iya.

"Ai shi ne rabin aikin. Ki samo wani abu daga gida, mai kusurwa, kada ya cika lanƙwasa."

Na aro dutsen guga na gawayi a wurin maƙwabciyata, wata tela 'yar kudu da muke kira Madam. Tana da biyu, ta ba ni tsohon, ta ce kada in wuce sati biyu da shi saboda ɗinkin Kirsimeti ya kusa.

Dakta ya ɗora dutsen a kan takarda mai layi-layi, ya sa na ɗiɗɗiga farin fenti a kowace kusurwa da kowane wurin da ƙarfen ya karkata. Kowane ɗigo sai an auna shi sau uku: nisansa daga hagu, nisansa daga gaba, da tsayinsa daga tebur. Ɗigo ɗaya, kati ɗaya. Bayan haka sai wasu katunan da za su gaya wa kwamfuta wane ɗigo ne ke haɗuwa da wane. Mariƙin katakon ya fi ba ni wahala, don ba shi da gefe ko ɗaya a miƙe. Ɗan zakaran ƙarfen da ake kulle murfin da shi kuwa, Dakta ya ce mu bar shi, ya fi ƙarfinmu. Kwana tara na yi ina wannan awo a lokacin cin abincin rana.

Ranar da na gama, Dakta zai tafi taro Ibadan. Ya kulle dutsen a ofishinsa, ya ce in miƙa katunan ranar Litinin, in ajiye masa zanen.

Mai kula da injin wani dattijo ne marar yawan magana, Oga muke ce masa. Ya karɓi katunan, na sa hannu a littafin rajista, ya ce in shigo in gani tunda aikina ne. Na'urar zanen tana kusa da ƙofa: ganga ce mai juya takarda, da alƙalami da ke tafiya a kan wata siririyar waya. Alƙalamin ya sauka ya ja gindin dutsen, layi bayan layi, har na fara gane bakinsa mai tsini. Sai kawai ya zabura ya yi dama a guje, ya bugi ƙarfen gefe. Na'urar ta riƙa wani gurnani, takardar ta yage, wayar ta tsinke ta naɗe. Oga ya yi sauri ya kashe wuta. Ɗakin ya ɗauki warin ƙonannen roba.

Ya daɗe yana duban na'urar, sannan ya juyo ya ce, "Wa ya ba ki izinin wannan aiki?"

"Dakta ne, Oga."

"A rubuce?"

Na ce a'a, da baki ne. Ya jawo littafin rajista ya ja layi a ƙarƙashin sunana.

Lokacin kuwa lokaci ne da gwamnatin soja ke sallamar ma'aikata. Mutum na zaune a gidansa zai ji sunansa a rediyo, an kore shi nan take. Wani akawu a layinmu haka ya ji nasa yana cin tuwo. Kuma an sha faɗa cewa duk wanda ya lalata kayan gwamnati ba kora kaɗai zai sha ba. Na'urar zanen ita kaɗai ce a jami'ar, ɗaliban ajin ƙarshe duk ita suke jira. Kafin a tashi aiki labari ya zaga. Abokan aikina biyu da muke cin abinci tare suka ce yau ba sa jin yunwa.

A mota na zauna can baya. Da muka zo wajen Hanwa na hango sojoji biyu a bakin titi suna tsayar da motoci, sai na sunkuyar da kai, alhali na san ba ni suke nema ba. Na isa gida na dafa abinci ban sa gishiri ba. Maigida ya kunna rediyo don labaran yamma, na tashi na koma madafa na tsaya ina saurare ta taga.

Kwana biyu ban gaya masa ba. A rana ta uku masinja ya kawo mini takarda, an ce in bayyana gaban shugaban cibiya ranar Juma'a da ƙarfe goma. Da yamma na miƙa wa maigida ita. Ya karanta sau biyu.

"Ke kika ɓata ta?"

"Ban sani ba. Katina ne a ciki."

"To ki je ki duba katin naki. In laifinki ne, gara ki faɗa da bakinki kafin wani ya faɗa. In an kore ki, ai ba a kore ki daga gidan nan ba."

Muna cikin haka Madam ta yi sallama, ta ce, "Maƙwabciya, ina dutsena? Aiki ya yi mini yawa." Na ce yana kulle a ofis, mai makullin ya yi tafiya. Ta dube ni, ta ga idona, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce za ta lallaɓa da ɗayan.

Ranar Alhamis na roƙi Oga ya ba ni katunan. Ya ba ni ba tare da ya dube ni ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da takardar awo. A cikin katunan mariƙi na sami kuskuren. Lambar ta gusa hagu da gida biyu, ita kuwa kwamfuta gurbin da ba komai sifili take ɗaukarsa. Goma sha biyu ta zama dubu da ɗari biyu. Alƙalamin ya tafi neman ɗigon da ke can bayan bango. Na yi tunanin in sake buga katin in musanya shi, ba wanda zai sani. Har na sa sabon kati a na'urar huda kati. Na zauna ina kallonsa, na tuna injin yakan buga lambobin kowane aiki a takarda, wataƙila tana hannun Oga, sai tsoron ya ninku. Ban san ko gaskiya ce ta hana ni ko tsoron kamu ba. Na cire shi.

Ranar Juma'a na tarar da mutum uku a ofis: shugaban, da Oga, da wani injiniya da aka turo daga Legas, hannunsa duk baƙin mai. Ba a ce in zauna ba. Na ajiye katin a tebur na ce, "Ranka ya daɗe, ga inda kuskuren yake. Ni na buga shi."

Injiniyan ya ɗaga katin ya duba ta hasken taga, ya yi magana da Turanci. Ya ce irin wannan kuskure kullum ana yin sa. Akwai wani ɗan maɓalli a gefen na'urar da ya kamata ya tsayar da alƙalami idan ya kai ƙarshe, to ya daɗe da mutuwa, wayar ma ta riga ta tsufa. Ko ba katina ba, na wani zai tsinka ta. Shugaban ya rubuta wani abu, ya ce daga yau kada in ƙara miƙa aiki sai da sa hannun malami, in tafi.

Na fito na nufi bayan ginin, na zauna a kan wani dutse a gindin dalbejiya, na yi ta kuka ba sauti. Sai da aka fara tafiya masallaci na iya tashi.

Dakta ya dawo ranar Litinin. Da ya ji abin da ya faru ya je ya ga shugaban, ya dawo ya ba ni haƙuri, ya ce shi ya kamata ya duba katunan. Bayan kwana goma aka gyara na'urar. Na gyara katin, Dakta ya sa hannu, muka miƙa aikin, ni kuwa na ƙi wuce bakin ƙofa. Daga nan na ga dutsen ya fito, kamar an saƙa shi da waya, ana hango bayansa ta cikinsa. Dakta ya canza kati ɗaya tak, aka sake zana shi ta sama, sannan ta gefe, ba tare da an sake auna komai ba.

Na kai wa Madam dutsenta tare da zane ɗaya. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce wannan ai kejin tsuntsu ne, ta ina gawayi zai zauna. Ta manna ta a bangon shagonta duk da haka, ta sa kananzir ta goge fentin da ke jikin dutsen.

Na ci gaba da koyo a wurin Dakta har shekara uku. Mun yi kujerar tsugunno, mun yi turmi, daga baya ya koya mini yadda ake ɓoye layukan da ke baya don abu ya fito kamar na gaske. Amma na fi wata shida ina bin kowane kati sau uku kafin in miƙa, kuma idan alƙalamin ya tashi da sauri zuwa dama, sai na runtse ido.