Faifan da Edna ta ɓoye cikin citta

Duk wanda ya san yayata Edna a Kafanchan, da kiɗan ogan ya san ta. Ita ke kaɗawa a majami'a, a biki, a jana'iza. Mutane suna cewa baiwa ce. Ni da na ga farkon abin, na san tsoro ne ya koya mata.

A 1974 shekarunta goma sha biyar, muna sakandare tare, ina aji ɗaya a bayanta. Malamin kiɗanmu, Malam Silvanus, siriri ne mai yawan tari, dariya kuwa sai ka yi sa'a. Ranar Asabar in 'yan kwaya, wato mawaƙan coci, sun gama waƙoƙin sujada a barandarsa, yakan fito da garmaho ya ɗora wani faifai. Kiɗan rok ne, jita tana kuka, ganga tana dukan ƙirjin mutum. Ƙanensa Meshak ne mai jitar. A Legas suka yi faifan, kaɗan aka buga, kuma Meshak ya rasu a hatsarin mota kan hanyar dawowa. Wannan ɗayan ne ya rage wa Malam.

Faifan ya shiga ran Edna. Ta dame shi da roƙo har ya ba ta aro lokacin hutun Kirsimati, don maƙwabcinmu a garinmu Kwoi yana da garmaho mai batir.

“Ka riƙe shi kamar ƙwai,” in ji Malam. “In ya fashe, Meshak ya sake mutuwa ke nan.”

Kwana tara tana saɗaɗawa gidan maƙwabci tana saurare, har matar gidan ta fara tsaki. Baba bai sani ba. Dattijon ikilisiya ne, a wurinsa jita kayan otal ce, kuma mun ga yadda ya karya ta ɗan baffanmu a kan gwiwarsa.

Rana ta goma tana shigowa da faifan a ƙarƙashin zane, sai ga Baba ya dawo daga taron dattawa tun hantsi. Lokacin shanyar citta ne, an baza ta a kan falalen dutsen da ke tsakar gidanmu. Edna ta durƙusa kamar mai juya shanya, ta cusa faifan a ƙarƙashi. Ina kallo.

Maimakon ya shiga ɗaki, sai Baba ya jawo kujera inuwar mangwaro, wai yau da kansa zai kori awaki tunda mu ba mu da amfani. Rana ta take. Dutsen nan ko tafin ƙafa ba ya jure shi.

“Edna, me ya sa kana zufa haka? Zazzaɓi ne?”

“A'a, Baba.”

Ta bar tuwon acca a kwano. Ta share inda ta riga ta share. Baba kuwa ko gyangyaɗi bai yi ba, har yau ina jin haushinsa, ko da yake bai san me yake gadi ba. Sai da la'asar ya tashi. Muka yaye cittar, faifan ya lanƙwashe kamar busasshen ganyen gwaza. Da muka gwada shi, allura sai tsalle take.

Sauran hutun Edna ta rame, ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Da muka koma makaranta ni na raka ta gidan Malam. Ya karɓi faifan, ya juya shi. Da ya yi faɗa da ya fi mana sauƙi. Sai kawai ya je ya buɗe ogan ɗinsa.

“Kwana nawa ka saurara?”

“Tara, Malam.”

“Zauna. Ni yatsuna ba su taɓa iya bin Meshak ba. Ka kaɗa abin da ka ji.”

Ta zauna tana laluben muryar jita a kan ogan. Waƙa takwas ce a faifan. Kafin ƙarshen zangon ta kamo shida. Biyun ƙarshe suka ƙi zuwa, don a Kwoi matar maƙwabci takan kashe garmahon kafin a kai gare su, wai batir zai ƙare.

Malam ya rasu a 1979. Tun daga nan Edna ba ta taɓa yin kwana biyu nesa da ogan ba, ta ƙi aiki a Kaduna, kuma ko kunu ne in da citta ba ta sha. Kullum da safe, kafin shara, sai ta kaɗa shidan nan a jere. Na taɓa ce mata ta huta mana, wa zai sani?

“In na manta,” ta ce, “babu wani wurin da Meshak yake kuma.”

In ta gama ta shida ba ta tashi nan da nan. Takan bar yatsunta a kan ogan ɗin, tana jira ko ta bakwai za ta zo.