Gwiwar Baba Arzika da Askar Wanzami

A Abare har yau ana tuna ranar sunan da askar wanzami ta ɓace. Ya ajiye ta a kan tabarma zai gyara wa jaririya zama, da ya waiwayo sai babu ita. Aka kakkaɓe tabarmi, aka fara kallon juna. Sai da Baba Arzika ya miƙe aka gan ta manne a wandonsa, daidai gwiwa.

Shekara ashirin Baba Arzika yana wankin zinare, kuma da mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar rediyo yake tsame baƙin yashi daga cikinsa. Da sanyin ƙashi ya hana shi durƙuso, har salla ta koma ta zaune, sai wani mai tallar magani a kasuwar Anka ya ce masa mayen ƙarfe na zuƙe ciwo. Baba ya ga ai yana da nasa a gida, ya ɗaure shi da tsumma a gwiwa.

Wata uku goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Daga baya malamar asibiti ta ce masa ciwo ba ƙarfe ba ne, ta ba shi ƙwayoyi, ta koya masa motsa ƙafa. Yanzu yana sujada, a hankali dai.

Jikarsa Surayya, uwar jaririyar, takan tsokane shi: "Angona, ina likitanka na rediyo?"

Shi kuwa yakan ce, "Bar shi, amarya. Ciwo dai bai ɗebe ba, amma tun da na ɗaura shi kakarki ba ta sake ɓatar da allura ba."