Labulen Kemis ɗin Bamalli

Bamalli ɗan manomi ne daga wajen Garam. Tun yana saurayi ya shigo Suleja ya bi wani mai sayar da magani, har Allah Ya ba shi nasa ɗan kemis a bakin tasha, inda motocin Abuja ke lodi. Siririn dattijo ne mai kunya, maganarsa ma sai an kasa kunne. Da gwamnati ta tare a Abuja, garin ya cika da baƙi 'yan haya, ciniki ya buɗe masa. Shagon dai bai ƙaru ba: kanta ce da kwalayen magani har rufi, sai benci ɗaya a ƙofa wanda direbobi da 'yan kamasho suka mayar nasu. Mace in ta zo, a tsaye take saye ta wuce.

A daminar 1995 maganar ɓarayin yara ta cika garin. Wasu su ce a Sabon Wuse aka ɗauke yaro, wasu su ce a Zuma. Ba wanda ya gani da idonsa, amma iyaye sun daina aiken yara, kuma duk baƙuwar fuska sai an bi ta da kallo.

Ana cikin haka wata rana da hantsi Hamdiyya ta zo. Bakanuwa ce, ba ta daɗe da tarewa ba. Mijinta Ghali direba ne a Abuja, tun asuba yake fita. Jaririnta Taufiq ya kwana da zazzaɓi, yana ta tsala kuka a bayanta. Da ta karɓi maganin sai ta sunkuyar da kai.

"Baba, don Allah akwai inda zan ɗan zauna in ba shi mama?"

Bamalli ya dubi bencin, maza ne cike. Ya dubi cikin shagon, ba masaka tsinke. Kunya ta kama shi.

"Zagaya ta baya, 'yata, akwai inuwa."

Bayan shagon kango ne da aka fara gini aka bari, ciyawa ta rufe shi. Can ta tsuguna, ta lulluɓe kanta da jaririn da mayafi. Wani mai wucewa ya hango mace a ɓoye cikin kango da jariri yana kuka. Ya daka mata tsawa, ɗan wa ta ɗauko? Ta firgita ta miƙe da gudu, gudun nan kuwa shi ya jawo komai.

"Ɓarauniyar yara! Ku tare ta!"

Bamalli yana ƙulla wa wani magani ya ji ihun. Kafin ya ɗaga kai Hamdiyya ta faɗo shagon, ba takalmi, ɗankwali ya zame, ta shige ƙarƙashin kanta ta ƙanƙame ɗanta. Nan da nan tasha ta juyo kansa. Dutse ya fasa kwalaben da ke kan kanta. Bamalli ya hango wani saurayi yana garo tsohuwar taya, wani yana kiran a kawo fetur.

Bai san lokacin da ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe katakon da hannu biyu ba.

"Ɗanta ne," ya ce. "Ni na ce ta zagaya." Ko na kusa da shi bai ji ba.

"Baba, matsa ko mu haɗa da kai!"

Maƙwabciyarsa Bose, Bayerabiya mai sayar da burodi da kowa ke kira Maman Segun, ita ta ratso taron tana ture maza da kafaɗa. Ta juya ta fuskance su.

"Ku tsaya mana! In ita ta haifa, yaro zai kama nono. A bar mu mata mu gani."

Ta jawo hannun wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa, suka shige ta ƙarƙashin hannun Bamalli. Maman Segun ta kwance gyalenta ta tare, don kada idon maza ya kai ciki.

Jaririn ya ƙi kamawa. Uwar duk ta ruɗe, shi kuma zazzaɓi da hayaniya sun gigita shi, sai kau da kai yake yana banƙarewa. Kukan na fitowa waje, mutane na ƙara matsowa. Bamalli yana jin numfashinsu a fuskarsa, da warin fetur daga wani wuri.

"Kun ji ko? Ya ƙi ta!"

A ciki tsohuwar ta shafa wa Hamdiyya ruwa a fuska. "Kalle ni, jikata, kar ki kalli ƙofa. Yi bisimilla, ki kira sunansa."

Hamdiyya ta kira sunan a hankali, ta sake kira. Kukan ya koma shessheƙa, can sai ya ɗauke. Tsohuwar ta jima tana kallo kafin ta fito.

"Ɗanta ne, yana sha. Ku ji tsoron Allah ku watse."

Aka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa ai shi dama kallo ya zo. Bamalli ya so ya saki katakon ƙofar, yatsunsa suka ƙi buɗewa, sai da Maman Segun ta ɓamɓare su.

Ya kwanta ciwo kwanaki. Da ya tashi, ya kwashe rabin kwalayen ya kai gida, ya kira Olu kafinta ya ƙera ɗan benci daidai kusurwar, matarsa ta ɗinka labule, aka ajiye buta da kofi. Daga ranar duk mai goyon da ta tsaya a kantarsa, kafin ya tambaye ta abin da take so sai ya ce, "Akwai wurin zama a ciki, 'yata." Wadda ba ta son labule kuwa, sai ya tayar da mazan da ke bencin ƙofa ta zauna. 'Yan kamasho suka riƙa tsokanarsa wai ya buɗe asibitin haihuwa. Telan da ke gefe ya yi irin nasa, daga baya mai hoto ma ya sa kujera.

Hamdiyya ba ta sake takowa tasha ba. Wata bai cika ba Ghali ya zo shi kaɗai ya yi godiya, ya ce ya mayar da ita Kano, don ko ƙarar yara masu wasa ta ji sai ta ruga ɗaki ta kulle.

"Yaron fa?" in ji Bamalli.

"Ya warware, Baba. Har ya fara dariya."

Bamalli ya ci gaba da zama a kemis ɗin na wasu shekaru, har zuwa lokacin da idonsa ya daina karanta rubutun kwalba. Sai ya miƙa wa 'yarsa Umaima makullin, ya koma Garam wajen gonar mahaifinsa.